Sauya Boris ɗin Tayar Gaba a Tsohuwar Tarakta

Laccar da aka gabatar a taron bita na kanikawa, direbobi da masu tarakta



Shugaban taro, ranka ya daɗe. Sarkin Noma da 'yan rakiyarsa, Allah ya ƙara girma. Shugabannin ƙungiyar masu tarakta da suka ɗauki nauyin wannan zama, iyayenmu kanikawa da suka tsufa a cikin sana'a, direbobi, da ku yaran gareji da kuka cika kujerun baya, waɗanda yawancin maganata ta yau da ku nake yin ta, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

An nemi in yi magana a kan kula da tsohuwar tarakta. Da na duba sai na ga fagen ya yi faɗi, in muka ce za mu zagaye shi a zama ɗaya, za mu taɓa komai mu tashi ba mu riƙe komai ba. Don haka na zaɓi abu guda: boris ɗin tayar gaba, abin da ke kashe shi, yadda ake gane ya gaji, da yadda ake sauya shi. Wani zai ce, ga inji, ga giya, ga famfon ɗaga garma, malam ya rasa abin magana sai boris? Dalilina shi ne, inji in ya fara ciwo kowa na jin sa, mai tarakta kuma ba ya jinkirin fitar da kuɗi. Boris kuwa yana ɓoye a bayan murfi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ran da ya tsaya, taraktar duka ta tsaya. Abin da nake so mu tafi da shi shi ne, wannan aiki ba na ƙarfin damtse ba ne. Aikin tsabta ne da awo. Yawancin boris ɗin da ke mutuwa a gonakinmu ba tsufa ne ya kashe su ba, hannun da ya saka su ne.

In kuma fayyace tun yanzu: ina magana ne a kan taraktar da tayoyin baya kaɗai ke ja. Wadda ke ja da tayoyi huɗu, gabanta na da giya da mai a ciki, aikinta daban ne, ba shi ne gabanmu ba.

Na farko: me ke cikin tayar, kuma me yake ɗauka?

Ku dubi abin da ke noma mana ƙasa. Har yau akwai Massey Ferguson 135 da 165 a bakin aiki, kuma an ƙera waɗannan ne tsakanin 1964 da 1975, da yawansu a Coventry ta Ingila. Akwai Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi tun ƙarshen shekarun 1970, akwai Fiat, akwai Ford, sai kuma 375 da ake shigowa da ita daga Pakistan. Wasu sun shigo hannun manoma ne a zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin noman da gwamnatin Shagari ta ƙaddamar a 1980. Taraktar da ta girmi direbanta ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Kuma duk da bambancin sunayensu, in ka buɗe tayar gaba kusan abu ɗaya za ka tarar.

Akwai sandar ƙarfe da ta fito daga aksul, ba ta juyawa. A kanta hob yake juyawa, wato kaskon ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa. Tsakanin sanda da hob akwai boris biyu, babba a ciki, ƙarami a waje. Kowanne kashi biyu ne: akwai kofi, zoben da aka buga ya zauna daram a cikin hob, akwai kuma ɓangaren da ke ɗauke da 'ya'yan boris a cikin kejinsu, wanda ke zurawa a kan sanda. Bayan babban akwai sil mai tare ƙura da ruwa. Gaban ƙaramin akwai washa mai ɗan harshe, sai noti mai tsaga-tsaga a ka, sai fin mai ƙafa biyu da ke kulle notin, sai murfi.

'Ya'yan wannan boris ba ƙwallaye ba ne irin na keke. Dogaye ne, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Wani maƙerin keken doki mai suna Henry Timken, haifaffen Jamus mazaunin St. Louis a Amurka, shi ya yi rajistar wannan ƙira a 1898, saboda ya ga kekunan doki na wahala a kwana. Hikimar ita ce, boris mai irin wannan siffa yana ɗaukar nauyin da ke dannowa daga sama, yana kuma tare turin da ke zuwa daga gefe. Shi ya sa ake saka su biyu suna fuskantar juna, ɗaya ya tare turi zuwa ciki, ɗaya zuwa waje. To ku tuna tarakta a bakin aiki: tayar dama na cikin kwarin da garma ta yanka, jikin motar ya karkace, a ƙarshen kowane layi direba ya murɗe sitiyari har ƙarshe. Wa ke shan wannan turin? Waɗannan 'yan ƙarafa biyu da za ka iya riƙewa a tafin hannu.

Na biyu: abin da ke kashe shi.

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda bai san makashin ba, zai sauya boris yau ya sake sauyawa kafin kaka.

Babban makashi a ƙasarmu ƙura ce. Ba sai na yi wa mutumin da ya yi haro a busasshiyar gona a watan Afrilu bayanin ƙura ba. Ƙurar nan garin yashi ce, kuma ƙwayar yashi tana da taurin da za ta karce ƙarfe. In ta sami hanya ta shiga cikin hob ta gauraya da giris, girishin ya daina zama mai santsi, ya koma abin wasa ƙarfe, kowane juyi na taya yana cin kofi da 'ya'yan boris kaɗan kaɗan. Ta ina take shiga? Ta sil da ya bushe ya tsage, da ta murfin da ya faɗi a gona aka ɗaure wurin da leda ko aka kifa gwangwanin madara. Ku zagaya inda ake ajiye taraktocin haya ku ƙirga nawa ne ke da murfin gaba guda biyu cikakku. Murfin nan ba ado ba ne.

Na biyunsu ruwa. Masu aiki a fadama da gonakin shinkafa, irin na Kura da Kadawa, ko kwarin Haɗeja, ko Bakolori, ku kasa kunne. Tarakta ta taho a titi hob ya yi zafi, iskar da ke ciki ta buɗe. Tana faɗawa cikin ruwa mai sanyi sai iskar ta tsuke, ta zuƙo ruwa da laka ta bakin sil. Haka kuma mai wankin mota in ya saita bakin famfonsa mai ƙarfi a kan hob, da hannunsa yake tura ruwa ciki. Ruwan ba ya nuna kansa a ranar. Sai an gama aiki an ajiye tarakta wata da watanni, tsatsa ta ci daidai inda kowane ɗan boris ya zauna. In ka buɗe ka ga layuka baƙaƙe a jikin kofi, tazararsu daidai da tazarar 'ya'yan boris, to ruwa ne ya kwana a wurin.

Sai lodi da gudu. Da rani taraktocinmu ba sa hutawa, suna jan tirela da yashi, da bulo, da rake, da tankin ruwa. Ba laifi ba ne, mai tarakta ma yana da iyali. Amma a sani cewa tayar gaban da aka yi don taka ƙasa mai laushi a hankali, yanzu tana dukan ramukan titi da iyakar gudunta, kuma kowane rami guduma ne a kan boris.

Na ƙarshe, wanda ya fi ba ni takaici domin a hannunmu yake, shi ne ɗaurin noti. Zan ware masa wurinsa a gaba.

Na uku: yadda ake ganewa.

Ƙarar inji ba ta barin direba ya ji kukan boris da wuri, don haka hannu da ido za a dogara da su. In an dawo daga aiki a taɓa hob na dama da na hagu. Ɗumi ba komai ba ne, amma in ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, ko hannu ba ya iya daɗewa a kai, akwai magana. A duba ko giris na tsiyaya ta bayan taya. A duba ko taya na cinyewa ta gefe ɗaya.

Gwajin gaskiya sai an ɗaga tayar. Ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza, ka juya ta da hannu ka saurara, ka kuma ɗora ɗaya hannun a kan aksul, domin gurzar da kunne bai ji ba tafin hannu na jin ta. Amma kada a yi gaggawar yanke hukunci. Ba kowane motsi ne na boris ba. Kinfin da bushinsa su ma suna cinyewa, haka tayarod. Sa yaronka ya girgiza, kai ka tsuguna ta ciki ka duba. In hob ne ke motsi sanda na tsaye, boris ne. In sanda da hob suna motsi tare, matsalar tana wajen kinfin, kuma ko ka sa sabon boris goma ba za ta tafi ba. Sau nawa aka sa manomi ya sayi abin da ba shi ne ya lalace ba, saboda ba wanda ya tsuguna?

Na huɗu: sayen sabo.

Kada ka je kasuwa da sunan tarakta kaɗai a bakinka. Motar da ta shekara arba'in ta bi hannu da yawa, mai yiwuwa aksul ɗin da ke jikinta ba nata na asali ba ne. Cire tsohon, goge shi, karanta lambar da aka zana a gefensa, ka tafi da shi Ƙofar Ruwa ko Panteka ko duk inda kake saye, a gwada a gabanka.

Akwai wani tarko da ya kamata kowane bakanike ya sani. Boris iri biyu ne ta wajen awo. Akwai na milimita, irin su 30205 da 30206, inda in ka ninka lambobi biyun ƙarshe sau biyar za su ba ka faɗin ramin: 30205 raminsa milimita 25 ne, 30206 kuma 30. Akwai kuma na inci, wanda ya fi yawa a tsofaffin motocin Ingila da Amurka, kuma shi kofi da lambarsa, ciki da lambarsa. Ɗauki L44643, wanda ke tafiya da kofi L44610: raminsa inci ɗaya ne, wato milimita 25.4. A ido, shi da mai milimita 25 ba su da bambanci. Amma wannan ɗan abin da bai kai rabin milimita ba ya isa ya sa ɗaya ya ƙi shiga, ɗaya kuma ya yi ta rawa a kan sanda har ya cinye ta. In mai shago ya ce maka "ai duk ɗaya ne, zai shiga," ka ce masa a kawo abin awo.

Jabu kuma ya yi yawa, har manyan kamfanoni irin su SKF da Timken suna yaƙi da masu buga sunansu a kan kayan banza. Ka duba rubutun lambar ko ya fita tsaf, ka duba ko an naɗe shi a takarda mai maiƙo, ka juya ka ji ko yana gurza tun yana sabo. In farashin ya yi arhar da ta ba ka mamaki, ka yi tunani sau biyu. Ka sayi saiti cikakke: boris biyu da kofunansu, sil, da sabon fin. Kuma tunda tayoyin biyu gona ɗaya suka taka, shawarata a buɗe su duka a rana ɗaya.

Na biyar: ɗagawa da kwancewa.

Yarana na baya, wannan ɓangaren rayuwarku ce, ku ajiye waya. A tsayar da tarakta a ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. A sauke garma ko haro ƙasa, a kashe inji, a cire makulli, a sa giya, a ja birki, a tokare tayoyin baya gaba da baya. A sassauta notocin taya tun tana ƙasa. Sannan ku tuna aksul ɗin gaba a tsakiya aka rataye shi, yana lilo, don haka a cusa katako tsakaninsa da jikin motar ta ɓangarorin biyu kafin a ɗaga, kada ta karkace lokacin da nauyin taya ya bar gefe ɗaya. Jak aikinsa ɗagawa, ba riƙewa ba. In ta tashi a sa mata katako mai kauri ko ƙafar ƙarfe. Bulon siminti ba ya gargaɗi, lokaci ɗaya yake rugujewa, kuma tarakta irin 135 ta kai wajen tan ɗaya da rabi. Ina roƙonku don Allah, kada wanda ya sa ƙafa ko hannu a ƙarƙashin motar da bulo ke riƙe da ita.

Kafin ka buɗe komai, wanke wajen hob, ka shimfiɗa buhu mai tsabta ko kwali. Cire murfi, miƙe ƙafafun fin ka zare shi, kwance noti, cire washa. Ka ɗan jawo hob, ƙaramin boris zai leƙo, ka tare shi kada ya faɗi a yashi. Zare hob, kifa shi, ka fitar da sil da babban boris. Kafin ka fitar da sil, ka kalli ta inda yake fuskanta, ko ka ɗauki hotonsa da waya. Ka jera komai bi da bi yadda ya fito. A wanke da kananzir ko man gas, ban da fetur, domin garejinmu ba ya rabuwa da mai walda ko mai sigari. Masu injin iska kuma su daina hura busasshen boris yana juyawa don jin ƙararsa, keji na iya fashewa 'ya'yan su tarwatse a fuska.

Tsohon boris yana ba da labari, a karanta shi kafin a jefar. In ya yi shuɗi-shuɗi, zafi ya sha, ko an matse shi ko giris ya ƙare. In ya dushe kamar an goge shi da samfefa, ƙura ce. In ƙarfen na ɓarewa ƙanana ƙanana, ya gaji ne. A duba sandar ita ma, musamman ƙasanta inda babban boris ke zama da inda leɓen sil ke gogawa. In farce na maƙalewa a wani kwari a wurin, sabon sil ba zai tare komai ba sai an gyara wajen.

Na shida: kofi da giris.

Ga inda ake yawan ha'inci, wani lokaci ma ba da mugun nufi ba, don gudun wahala kawai. Fitar da kofi na da wuya, sai a bar tsohon a ciki a ɗora masa sabon boris. Kada a yi haka. Tsohon kofi ya riga ya cinye daidai da tsofaffin 'ya'yansa, sabbin za su hau kan hanyar da ba tasu ba, cikin ɗan lokaci su lalace. Mai tarakta, in ka biya kuɗin saiti, ka nemi a nuna maka tsofaffin kofuna biyu a hannu. Haƙƙinka ne, kuma bakaniken kirki ba zai ji haushi ba.

In ka goge cikin hob za ka ga, a yawancinsu, 'yan wurare biyu da aka rage a bayan kofi don a sami inda za a ɗora ƙarfen bugu. Ka buga nan kaɗan, can kaɗan, yana fitowa a miƙe. In ya ƙi, akwai dabarar da iyayenmu na gaba suka sani: mai walda ya zagaya fuskar kofin da layin walda guda, in ya huce sai ya tsuke, wani lokaci da kansa yake faɗowa. A kula dai kada waldar ta taɓa jikin hob.

Wajen saka sabo, kada guduma ta taɓa shi kai tsaye. Ƙarfen boris an gasa shi ya yi tauri ƙwarai, kuma ƙarfe mai tauri ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake, ɓallin kuma ido yake nema. A sa tabarau. A ɗauki tsohon kofi a ɗan rage bayansa a injin wasa ƙarfe don kada ya maƙale, a ɗora a kan sabon, a riƙa bugawa ana zagayawa. Gefen kofin mai kauri shi ke shiga ciki, faffaɗan bakin yana kallonka. Wanda ke son sauƙi ya shanya hob a ranar bazara, ya kai kofunan firjin mai ƙanƙara su yi sanyi, zai ga yadda za su shiga ba gardama. Za ka san ya zauna in ƙarar bugun ta sauya ta koma tsantsar ƙarfe. Ka leƙa ta baya ka tabbatar ba sarari. Kofin da bai kai ƙarshe ba zai ƙarasa zama ne a gona, notin da ka ɗaura daidai kuma ya koma sako-sako.

In kuwa sabon kofi ya faɗa ramin da kansa ba bugu, hob ɗin ne ya buɗe. Na san ana sassara ramin da kurfi ko a cusa yankin gwangwani. Wannan zai iya fitar da kai daga daji zuwa gida, amma ba gyara ba ne. A kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya sa masa zobe, ko a nemi wani hob.

Giris kuma ba shafawa ake yi a bayan boris ba. Wanke hannu, ɗebi giris a tafin hagu, kama boris da dama, ka riƙa danna faffaɗan gefensa cikin girishin kana jan sa, har ka ga ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin 'ya'yan. Ka juya, ka ci gaba, har ka zagaye. A nemi giris na boris, mai lamba 2, daga gwangwani mai murfi. Wanda ake sayarwa a buɗe a bakin titi ya riga ya sha ƙurar da muke gudu. Kada a gauraya iri biyu, domin wasu in sun haɗu sai su tsinke su zama ruwa. Kada kuma a cika hob taf, a bar wa iska wuri, in ba haka ba giris ɗin zai yi ta dama kansa yana zafi har ya ture sil. Sa babban boris, sa sil a miƙe da katako a kansa, leɓensa na fuskantar yadda tsohon yake, ka shafa wa leɓen ɗan giris. Ka zura hob a hankali kada zaren sanda ya yanki sil, sannan ƙaramin boris, washa da harshenta a cikin kwarinta, sai noti.

Na bakwai: ɗaurin noti.

Duk abin da muka yi a baya, a nan yake tabbata ko ya rushe. Mun saba cewa noti mai kyau shi ne wanda aka ɗaure har da ƙarin bututu a kan sifana. Wannan notin ba irinsu ba ne. Ba riƙe taya kawai yake yi ba, shi ke auna sararin da 'ya'yan boris za su yi numfashi a ciki. In ka matse, ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, matsin ya ƙaru, giris ya narke ya gudu, a ƙarshe boris ya manne da sanda, sai ka sayi sanda da hob a maimakon boris. In ka bari sako-sako, nauyin da ya kamata 'ya'ya da yawa su raba sai ya faɗa kan biyu ko uku, hob na rawa, sil na buɗe baki, ƙura na shiga.

Ga yadda ake yi. Kana juya hob da hannu ɗaya, kana ɗaure noti da sifana, har ka ji juyin ya fara nauyi. Wannan don komai ya zauna ne, girishin da ya yi yawa ya matsa. Sai ka sassauta har ya saki. Sai ka sake ɗaurewa a hankali, da yatsu ko da ɗan taɓin sifana, har motsin ya ɓace. Daga nan ka duba ramin fin. In tsagar noti ba ta yi daidai da ramin ba, ka koma baya zuwa tsaga mafi kusa, kada ka ƙara matsewa don neman ta gaba. Sararin da ake nema a irin wannan boris, a ƙa'idar da aka fi bi, tsakanin milimita 0.025 ne da 0.13, wato wajen kaurin takarda guda ko ƙasa da haka. Tayar ta juya sumul, in ka girgiza ka ji motsi kamar akwai kamar babu. Wanda ke da littafin taraktarsa ya bi adadin da littafin ya faɗa, shi ne gaba da maganata.

Sai fin. Na ga inda aka sa ƙusa, na ga inda aka sa waya, na ga inda ba a sa komai ba. Ku yi tunani a kan wannan: in zaren notocin biyu iri ɗaya ne, tayar hagu in tana tafiya gaba tana juyawa ne ta wajen kwance noti, ta dama kuma ta wajen ɗaure shi. Ran da harshen washa ya cinye kuma fin ya karye, ta hagu za ta kwance kanta ta fice, ta dama za ta matse kanta ta ƙone. Tayar gaba ta fice a titi, tirela cike da yashi a baya, yara biyu zaune a kan madigadi, me kuke zaton zai faru? Sabon fin daidai da ramin, a buɗe ƙafafunsa a lanƙwasa, kuma ba a maimaita tsoho domin inda aka taɓa lanƙwasawa nan yake karyewa. A rufe murfi, a mayar da taya, a sauke, a ƙarasa ɗaure notocin taya ana tsallakawa. A yi ɗan zagaye a taɓa hob. Bayan aikin yini ɗaya ko biyu a sake ɗagawa a girgiza.

Na takwas, a taƙaice: yaushe?

Yanzu, kafin ruwa ya sauka. Damina a arewacin ƙasar nan gajeriya ce, kuma kwanakin da kowa ke neman tarakta a lokaci ɗaya ba su da yawa. Aikin da za a gama cikin rabin yini a inuwar gareji a watan Maris, in ya same ka a tsakiyar gona a watan Yuni sai ya ci kwanaki, ga manoman da suka ba da kuɗin haro suna jira, ga danshi na wucewa. A ganina, ko boris bai nuna alamar komai ba, a buɗe, a wanke, a duba, a sa sabon giris da sil sau ɗaya a shekara, masu shiga ruwa kuma su ƙara da wani bayan an gama aikin fadama, kafin a ajiye motar. A sami ɗan littafi a rubuta ranar da lambobin boris ɗin, domin wanda zai buɗe bayanka ya huta da neman su.

Shugaban taro, ranka ya daɗe, a nan zan dakata.  Na ga an kawo hob da sanda an ajiye a bakin ƙofa, in an tashi za mu taru a kansu kowane yaro ya ɗaura notin nan da hannunsa. Kafin nan, fili na masu tambaya ne, kuma ina roƙon iyayenmu kanikawa, duk wanda ke da gyara ko ƙarin bayani daga abin da ya gani a aiki, ya taimaka mana da shi. Bismillah, wa zai fara?